Sassaƙen Gamji da Ciwon Damuwa

A GRA ta Bauchi, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa bai fi tafiyar 'yan mintuna a mota ba, sai ka zaci tukunyar jiƙo ta daɗe da barin aiki. Ina! Idan Hajiya ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta koma zubar da hawaye ba dalili, sau da yawa kafin a tuna da likita an riga an aika direba Kasuwar Wunti neman sassaƙe. Rashin kuɗi bai kawo wannan ba. Zuwa sashen masu taɓin hankali ne abin gudu, kada a ji a gari, shi kuwa jiƙo a ɗaka ake shan sa.

Cikin itatuwan da masu magani ke ambata a irin wannan hali akwai gamji, babban icen nan mai faffaɗan ganye da sunansa ya zama laƙabin Sardauna Ahmadu Bello. Masana tsirrai na ce masa Ficus platyphylla. Tun kaka da kakanni ake ba da ɓawonsa ga mai farfaɗiya da mai taɓin hankali da wanda damuwa ta kayar, a jiƙa a sha, ko a shanya a daka a zuba a kunu.

Magabata ba su yi shirme ba. A 2003 Ben Chindo da abokan aikinsa na cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja sun tatsi ɓawon gamji, suka ba ɓeraye. Ɓerayen suka rage kai-komo, barcinsu ya ƙara tsawo. A 2009 suka nuna cewa wani sinadari da ke cikin ɓawon, safonin, yana rage farfaɗiyar da aka tayar wa ɓera. Safonin ba baƙo ba ne a wurinmu: shi ke sa ɓawon aduwa kumfa har a yi wanki da shi. Akwai kuma tanin, mai kawo baurin da ke ɗaure harshe, irin na bagaruwar majema.

To, a nan ne nake ganin ake tafka kuskure. Abin da aka gani a fili shi ne gamji yana kwantar da jiki. Mai ciwon damuwa kuwa ai a kwance yake tun farko, tashi yake nema. Dangi su ga Hajiya ta yi barci kwana uku a jere, su ce sauƙi ya samu, alhali nauyin da ke zuciyarta yana nan daram. Likitoci sun taɓa cin karo da irin wannan. A 1952 aka ciro sinadarin resafin daga saiwar wani tsiro na Indiya, ya kwantar da masu taɓin hankali, ya sauke hawan jini, daga baya aka riƙa samun rahoton wasu masu shan sa sun faɗa baƙin ciki mai tsanani.

Shi kansa gwajin maganin damuwa a ɗakin bincike abin a duba ne. Tun 1977 ake amfani da dabarar Roger Porsolt: a jefa ɓera cikin kwalbar ruwa na minti shida, a ƙirga lokacin da ya daina fafutuka ya saki jiki. Maganin da ya sa shi ci gaba da iyo sai a ce alama ce mai kyau. Amma ɓera bai san mutuwar miji ba, bai san kishiya ba, bai san bashi ba.

Tsiron da ya tsallake wannan mataki shi ne St John's wort na Turai. Wani bita na 2008 ya tattara gwaje-gwaje 29 a kan mutum fiye da 5,000, ya ga yana taimako. Duk da haka, yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, har ya karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da maganin ƙanjamau. Ke nan ko ganyen da aka tabbatar da amfaninsa yana da nasa sharri.

Ga kuma matsalar awo. “Cikin hannu ɗaya, safe da yamma” ne umarnin mai magani, alhali hannu ya bambanta, kuma ɓawon da aka sassaƙa da rani ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na damina ba.

Ya kai mai karatu, in akwai mai shan jiƙon gamji a gidanku, ku kai shi a duba shi, kuma ku gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, musamman in an riga an ɗora shi a kan ƙwayar asibiti. In kuwa ya fara maganar ya gaji da duniya, kada a jira gari ya waye.