Dodon Tatsuniya da Dodon Gari: Nazari Daga Ƙasar Kataf

Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya tashi a gaban kaka bai taɓa jin an ce masa "yi shiru, ga dodo nan" ba. Haka kuma da wuya a sami yaron da aka tsorata da dodo, wanda bai koma washegari da dare ya roƙi a sake yi masa tatsuniyar dodon ba. Wannan hali na gudun abu da kuma bin sawunsa shi ne muke son mu duba a wannan ɗan nazari. Mun zaɓi mu tsaya a Samarun Kataf da kewayenta, a kudancin Jihar Kaduna, domin a can ne kalmar dodo ta haɗa ma'ana uku: dodon da ke cikin tatsuniya, da dodon addinin gargajiya, da kuma dodon da mutum kan mayar da maƙwabcinsa. Ra'ayinmu shi ne, na farko da na biyu suna da ƙofar fita, na uku kuwa ba shi da ita.

Dodo a Bakin Bahaushe

Kafin mu shiga tatsuniya, ya kamata mu lura da yadda harshe kansa ya riƙe wannan kalma. Bahaushe kan kira abin da ke ba da tsoro a ido kawai dodon bango. Yakan kira ɗan halittar nan mai ɓuya cikin ƙwanso dodon koɗi, ya kuma kira abin da ke can cikin kunne dodon kunne. Idan mutane biyu bakinsu ɗaya ne, sai ya ce dodo ɗaya suke yi wa tsafi. Maroƙi kuwa in yana son ya kambama basarake ko ɗan dambe, sai ya kira shi dodon maza, wanda aka kira kuma ya ji daɗi. Abu biyu suka fito fili a nan. Na farko, dodo abu ne ɓoyayye, wanda ake jin labarinsa fiye da yadda ake ganinsa. Na biyu, sunan da ake razana yaro da shi, shi ne kuma babba ke sha'awar a laƙaba masa. Ashe ke nan tsoro da sha'awa tushensu ɗaya: ƙarfin da ba mu san iyakarsa ba.

Dodon Tatsuniya

Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne suka buga a 1913, zai ga cewa siffar dodo ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wani lokaci ƙato ne mai gashi, wani lokaci yana cikin kogi, wani lokaci kuma yakan rikiɗa ya zo neman aure a matsayin kyakkyawan saurayi. Abin da bai canzawa shi ne mazauninsa. Kullum yana bakin iyaka: bayan ganuwa, ko mashigin ruwa, ko ƙungurmin daji. Ko macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda labarin Bayajida ya ce yana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a wannan sahu yake, domin ya tsare abin da jama'a ba su iya rayuwa sai da shi.

Wa kuma ke faɗawa hannunsa? Budurwar da ta raina samarin garinsu, da yaron da aka hana fita ya fita, da matar da ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Wa ke kashe shi? Galibi Auta ne, ko wata yarinya da aka raina. A nan ne gwanintar tsofaffinmu take. Yaron da ke sauraro shi ne mafi rauni a gidan, sai a nuna masa mai rauni irinsa ya kayar da abin da sarki da dakarunsa suka kasa. Yana jin tsoron, amma yana jingine da cinyar kakarsa, ya kuma san cewa komai tsawon labarin za a kai ga ƙurunƙus. Tsoro ne da aka auna masa daidai cikinsa, kamar yadda ake ba jariri dauri.

Sai dai fa wannan adabi yana da rauninsa, kuma bai kamata ƙauna ta hana mu faɗa ba. Sau da yawa darasin da ke ƙarƙashinsa shi ne baƙo abin zargi ne, mace mai zaɓi kuma abar hukuntawa ce. Ba mu cika jin an tambayi dodo abin da ya kawo shi ba.

Dodon Gargajiya a Ƙasar Atyap

Mutanen da Hausawa ke kira Kataf suna kiran kansu Atyap. A addininsu na gargajiya akwai Abwoi, wanda maƙwabtansu Bajju ma suke da irinsa, Hausawan Zangon Kataf da fatake kuwa suka kira shi dodo. C. K. Meek ya yi bayaninsa a littafinsa na 1931 kan al'ummomin Arewacin Nijeriya. Abwoi muryar kakanni ce da suka rasu, wadda kan fito da dare ta yi wa jama'a faɗa, ta tsawata wa mai laifi, a kuma kai mata abinci da abin sha. Mata da ƙananan yara ba su da ikon ganin mai muryar. Idan yaro ya isa shiga, sai a kai shi wurin dattawa a nuna masa asirin: ɗan bututu ne da aka toshe bakinsa da yanar gizo, wanda ke jirkita muryar mai magana. Daga nan a rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa.

Wannan ya isa ya sa mai nazari ya tsaya ya yi tunani. Duk namijin da ya balaga ya san bututu ne, amma sanin bai rushe al'adar ba, domin ba bututun ake girmamawa ba, dokar kakanni ce da ke fitowa ta cikinsa. Al'ummar da ba ta da ɗan doka ko gidan yari ta ba dokarta murya marar fuska, yadda ba wanda zai riƙe wani da gaba saboda hukunci. Yaro yana tsoron muryar, amma yana ƙaguwa ranarsa ta zo, don sanin asirin dodo shi ne zama mutum. Ƙofar fitarsa ke nan. Gaskiya kuma ita ce ba a buɗe wa mata wannan ƙofa ba, su suka ɗauki mafi yawan nauyin tsoron da na girkin. Da Kiristanci da ilmin boko suka bazu a yankin cikin ƙarni na 20, sai ikon Abwoi ya ja baya ƙwarai.

Dodon da Mutum ke Ƙerawa

Tremearne ɗin da muka ambata ya yi aikin mulkin mallaka a wannan yanki. A 1912 ya fitar da littafi mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato masu wutsiya mafarautan kawuna, yana nufin mutanen Kagoro da maƙwabtansu. Wutsiyar da ya sa a sunan littafin ado ce kawai da matan aure ke ɗaurawa a ƙugu, shi ma ya san haka. Amma ya san abin da mai karatu a Ingila ke sha'awa, sai ya sayar masa da dodo. Ba shi ya fara ba. Tun kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarni biyar, Herodotus na Girka ya rubuta cewa ana faɗin akwai masu kawunan karnuka a Afirka. Mu ma kada mu wanke kanmu: labarin Nyamnyam masu cin mutane ya daɗe a bakin fatake, kuma kullum garinsu yana can gaba da inda mai labarin ya tsaya. Haka nan a ƙauyukan da suka sha hare-haren neman bayi daga Zazzau da Jama'a, mahayin doki mai rawani shi ne abin da ake gudu, tsoronsu kuma yana da dalili a tarihi.

Idan kowane ɓangare ya gaji dodonsa daga kakanni, ba ya buƙatar ganin fuskar maƙwabci kafin ya yanke masa hukunci. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Kataf na Fabrairu da Mayu 1992, wanda ya taso daga batun sauya wa kasuwa wuri ya kuma watsu har Kaduna da Zariya, suna da dalilansu na ƙasa da sarauta da siyasa, ba kuwa tatsuniya ce ta haddasa su ba. Amma kafin mutum ya ɗaga hannu a kan wanda suka yi shekaru suna ciniki tare, sai ya fara cire masa suna ya sa masa wani. Wannan dodo ba Autan da zai kashe shi a huta, ba kuma dattijon da zai ja yaro gefe ya nuna masa cewa bututu ne.

Kammalawa

Mun ga cewa ana tsoron dodo saboda ɓoyayye ne, ana kuma sha'awarsa saboda wannan ɓuyan. Kaka da dattijon Atyap duk sun san cewa wanda ya ɗora wa yaro tsoro, shi ke da alhakin sauke masa. Kiranmu ga ɗalibai masu rubuta ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo shi ne su karɓi wannan alhaki. Ba mu ce su kori dodo daga rubutunsu ba, domin labarin da ba abin tsoro a cikinsa miya ce ba gishiri. Cewa muka yi idan sun kawo shi, su bi muryar har inda take fitowa, su nuna wa mai karatu wanda ke busa bututun da abin da yake samu a ciki. Mai rubutun da ya iya sa Bahaushen Zango da Ba'atyap ɗin Samaru kowa ya ga kansa da idon ɗan'uwansa, ya yi wa adabi aikin da tatsuniya ta fara ba ta ƙarasa ba.