Alƙali Stephen da shari'ar Florence Maybrick

Masu rubuta tarihin James Fitzjames Stephen (1829-1894) sukan fara da Indiya, kuma suna da hujja. Lauya ne ɗan Ingila wanda ya zauna a majalisar gwamnan mulkin mallaka daga 1869 zuwa 1872, kuma shi ya tsara dokar shaida ta Indiya ta 1872. Littafin da ya fitar a 1876 kan ƙa'idojin shaida shi ne tushen dokar shaida da Turawa suka kafa wa Nijeriya daga baya. Wannan aiki ba mai raina shi.

Sai dai tsara doka daban, zaman kujerar alƙali daban. An naɗa shi alƙali a 1879. Bayan shekara goma aka kawo masa wata Ba'amurkiya, Florence Maybrick, a birnin Liverpool, bisa zargin ta kashe mijinta, wani ɗan kasuwar auduga, da gubar arsenik. An shaida wa kotu cewa mijin da kansa ya saba shan wannan guba a matsayin magani. Likitoci ma sun saɓa kan abin da ya kashe shi. Ga dokar lokacin, wadda ake tuhuma ba ta da damar ba da shaida bisa rantsuwa. A irin wannan hali ne alƙali ya kamata ya ja hankalin masu taya shi yanke hukunci zuwa ga shakkar da ke akwai. Stephen kuwa ya daɗe yana nanata cewa matar ta ci amanar aure, kamar dai zina ita ce hujjar kisa. Aka yanke mata hukuncin kisa, gwamnati ta mayar da shi ɗaurin rai da rai, ba ta fito ba sai 1904.

Masu kare shi sukan ce ciwon shanyewar jiki da ya same shi a 1885 ya taɓa tunaninsa, kuma gaskiya ne ya ajiye aiki a 1891. A ganina wannan uzuri bai isa ba. Tun a littafinsa na 1873, inda ya ƙalubalanci John Stuart Mill, ra'ayinsa shi ne doka tana da hurumin hukunta lalacewar ɗabi'a. Abin da ya yi a Liverpool ya dace da wannan ra'ayi sarai.

Ɗalibin da zai karanta tarihin rayuwarsa na 1895 ya tuna cewa ƙanensa, Leslie Stephen, ne ya rubuta shi.