Tsatsa, Fenti da Huɗa: Al'adar Raya Tsoffin Taraktocin Lambu a Amurka

Kowace shekara idan watan Agusta ya doshi ƙarewa, garin Portland na jihar Indiyana a Amurka, wanda mazaunansa ba su wuce dubu shida da 'yan kai ba, sai ya cika ya batse. Abin da ke kawo jama'a shi ne taron tsoffin injina da ƙungiyar Tri-State ke shiryawa a filin baje kolin gundumar Jay, taron da ya samo asali tun 1966. Tun daga ƙofa hayaƙi da ƙaurin baƙin mai ke tarbar baƙo. Ga injinan fetur na farkon ƙarni na 20 masu ƙaton wili irin na injin niƙa, waɗanda kan buga sau ɗaya su yi shiru, wilin na ta juyawa, sai gudu ya ragu su sake bugawa. Ga manyan taraktocin gona a jere. Ga 'yan tebur sun baza tsoffin kayan gyara, kowa na tonon abin da ya daɗe yana nema. A tsakiyar wannan hayaniya kuma akwai wasu 'yan ƙananan taraktoci da tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, jajaye da koraye da masu ruwan ɗorawa, masu su na zagaya filin a kansu a hankali. Su ne taraktocin lambu, kuma a 'yan shekarun nan sun kafa nasu dandalin a cikin wannan al'ada.

Masu harkar ba sa yarda a haɗa taraktar lambu da injin yankan ciyawa na hawa, ko da yake kamarsu ɗaya daga nesa. Taraktar lambu tana da firam mai nauyi da akwatin giya mai ƙarfi, tayoyinta na baya manya ne, kuma an ƙera ta don ta ja abin da ke shiga ƙasa: garma, faifan kaftu, injin ɓarje ƙasa. Da hunturu a ɗaura mata faranti a gaba ta ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Yankan ciyawa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukanta.

Tarihinta na tafe da tarihin zaman Amurkawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun kafin nan akwai 'yan taraktocin da ake bi a baya, irin wadda Benjamin Gravely ya yi wa rajista a 1916, ya kuma kafa masana'antarta a Dunbar ta jihar West Virginia. Amma da yaƙi ya ƙare, iyalai da dama suka bar tsakiyar birane suka koma bayan gari, inda mutum kan mallaki eka ɗaya ko biyu, filin da ya fi ƙarfin fartanya, bai kuma kai na babbar tarakta ba. A 1946 Elmer Pond da ɗansa Cecil suka fara haɗa 'yan injina a garejinsu a South Bend ta Indiyana, da guntayen ƙarafa da kayan babura da na motoci. Daga nan aka samu Wheel Horse mai jan fenti. Manyan kamfanoni suka hango kasuwa. International Harvester ya fito da Cub Cadet a farkon shekarun 1960 daga masana'antarsa ta Louisville, ya ɗauko akwatin giyar Farmall Cub, wadda taraktar gona ce sosai, ya sa wa 'yar ƙaramar. John Deere ya biyo baya a 1963 da samfurin 110 daga Horicon ta jihar Wiskonsin, ya ƙera guda 1,000 a shekarar farko, kowace da injin Kohler mai ƙarfin doki 7. Bolens da Simplicity, dukansu 'yan garin Port Washington, suna nasu, Sears kuma na sayar da nata ta kundin oda.

Wannan injin na Kohler, jerin da ake kira K, shi ne ƙashin bayan al'adar baki ɗaya, don haka ya dace a tsaya a kansa. Silinda ɗaya gare shi, jikinsa zubin ƙarfe ne, iska ke sanyaya shi. Idan ya tsufa ya fara shan mai yana hayaƙi, ba jefar da shi ake yi ba. Kai shi ake yi wurin masu injin ƙwaƙule silinda, a faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistin da ringi masu girman da ya dace da sabon ramin. Kamfanin da kansa ya tanadi irin waɗannan fistin a matakai uku na ƙarin girma, wato tun a teburin zane an sa rai cewa injin zai rayu fiye da sau ɗaya. Wutarsa ba ta da kwamfuta, kafiretarsa kuwa mutum zai iya kwance ta a kan tire ya ga kowane ɓangare da idonsa. Da a ce ba haka aka ƙera su ba, da babu abin da za a tara yau.

Yadda ake raya irin wannan tarakta ya zama kamar karatu mai matakai. Yawanci a bayan sito ko ƙarƙashin bishiya ake tsinto ta, tayoyi sun lotsa, ɓeraye sun yi sheƙa a cikin murfin injin. Mai sayarwa kusan kullum magana ɗaya yake yi: ai lafiya lau take aiki ranar da aka ajiye ta. Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne ɗan allon lamba da ke manne a jiki, domin shi ke faɗin shekarar ƙira da irin kayan da suka dace. Sai a gwada ko injin na juyawa. In ya cije, a cire fulogi a zuba mai mai ratsa tsatsa a cikin silinda, a bar shi kwanaki, wani lokaci makonni, ana ɗan motsa shi, domin wanda ya yi gaggawa ya sa ƙarfi zai iya karya abin da ba a ƙara ƙera irinsa. Daga nan a wanke tanki, a share kafireta, a sauya tiyon mai, musamman da yake fetur ɗin da aka fi sayarwa a Amurka yanzu na ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, wanda ke cin tsohuwar roba yana kuma janyo danshi. Tsatsa kuwa, wasu da feshin yashi suke kankare ta, wasu su tsoma ƙarfen a ruwan da aka narka sodar wanki a ciki, su jona cajar batir, wutar ta ɓamɓare ta sannu a hankali.

A nan ne hanya ke rabuwa biyu, kuma a nan ne mahawarar da ta fi kowace zafi take. Ɓangare ɗaya na ganin ba a gama aiki ba sai an kwance komai har noti na ƙarshe, an fesa fenti daidai launin kamfani, an manna sababbin tambura, tarakta ta fito tana walƙiya. Ɗaya ɓangaren cewa yake yi sau ɗaya abu ke zama na asali, don haka a gyara injin, a goge jikin da mai, a bar koɗaɗɗen fenti da tambarin dillalin da ya sayar da ita tun 1965. Suna ma da sunan tsiya ga taraktar da aka ƙawata har mai ita ke tsoron ta taɓa ƙasa: sarauniyar tirela.

Duk wanda ya auna da kyau zai ga hujjar 'yan ɓangare na biyu ta fi nauyi. Fentin mota na zamani da ake fesa wa waɗannan injina ya fi wanda masana'anta ta yi musu sheƙi nesa ba kusa ba, saboda haka abin da ɗan kallo ke gani a fili wata tarakta ce da ba a taɓa sayar da irinta a kanti ba. Sa'annan feshin yashi ba ya bambanta tsatsa da tarihi. Waldar da wani manomi ya yi wa mariƙin garma, ramin da aka huda don ɗaura fitila, wurin da takalmi ya cinye fenti a kan mataki, duk shaidu ne na yadda aka yi amfani da injin, kuma da an share su shi ke nan. Ba a hana fenti ga wadda tsatsa ta riga ta ci jikinta ba. Irin wannan ma ceto ne. Abin takaici shi ne a kankare wadda ta kai shekara sittin da rigarta ta asali don neman yabon 'yan kallo.

Labarin taraktocin Patio na John Deere ya nuna yadda idon masu tarawa ke juya darajar abu. Daga 1969 zuwa 1971 kamfanin ya gwada barin korensa da aka san shi da shi, ya fitar da farare masu bonet da kujera ja, ko shuɗi, ko ruwan lemo, ko ruwan ɗorawa, don ya burge mutanen bayan gari. Masu saye suka ƙi, suka ce kore suke so, har aka riƙa mayar da wasu kore. Yau waɗannan da kasuwa ta ƙi su ne ake rububi, kuma kujerarsu ta asali mai launi, in ba ta yage ba, ta fi komai wuyar samu. Ƙarancin abu ke sa masa kuɗi, ba ƙwazonsa a gona ba, kuma wannan ɗabi'a tana jan harkar zuwa wajen gwanjo, tana nesanta ta da gareji.

Tarukan da kansu ba don kallon ado aka fara su ba. Lokacin da injin girbi mai yanka da sussuka a tafiya ɗaya ya mamaye gonaki bayan yaƙi, tsohon tsarin da maƙwabta ke haɗuwa su yi wa juna sussukar alkama da injin tururi ya mutu. Dattawan da suka yi wannan aiki suka ƙi bari a sayar da injinansu ga masu narka ƙarfe, suka fara taruwa suna hura musu wuta, suna sussuka a gaban jama'a. Haka aka samu taron Rough and Tumble a Kinzers ta Pensilbaniya a 1948, da na Mount Pleasant a jihar Ayowa a 1950, da na Rollag a Minesota a 1954. Har yanzu a waɗannan wurare ana sussuka, ana tsaga katako, ana huɗa. Masu taraktocin lambu sun gaji wannan ruhi a abin da suke kira ranar huɗa: wani manomi ya ba da gonarsa bayan girbi, mutane su zo da 'yan taraktocinsu a bayan akori-kura, su jeru ɗaya bayan ɗaya, kowa da garmarsa mai baki ɗaya. A nan ake sanin wanda ya gyara da gaske. Injin da aka saita kafiretarsa da ka zai tsaya a tsakiyar kunya, garmar da ba a daidaita ba za ta yi ta tsalle, sai ka ga mutum uku sun durƙusa a kanta da sifana, ana yi ana koya wa wanda bai sani ba. Babu wani layin taraktoci masu sheƙi da zai koyar da abin da awa ɗaya a wannan gona ke koyarwa.

Duk da haka akwai inda begen da ke rufe wa masu harkar ido. Suna yawan cewa kayan da sun fi na yanzu ƙarko, suna mantawa cewa masu ƙarkon ne kaɗai suka kawo yau, raunanan kuwa tuni aka narkar da su. Suna kuma mantawa cewa yawancin taraktocin shekarun 1960 ba su da na'urar da ke kashe inji idan direba ya tashi daga kujera, wuƙar yankan ciyawa ci gaba take yi da juyawa. Tsohon inji ba abin wasa ba ne. A ranar 29 ga Yuli, 2001, tukunyar wani injin tururi ƙirar Case ta fashe a filin baje kolin gundumar Medina ta jihar Ohayo, mutum biyar suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Bincike ya gano ƙarfen saman ramin wuta ya siɗe ya yi siriri. Bayan haka jihar ta kafa dokar lasisi ga masu sarrafa irin waɗannan tukwane. Taron da ke barin yara su matso kusa da bel mai gudu ba tare da igiyar shinge ba, ya saɓa wa darasin da aka biya da rai.

Abin da ya ba wannan al'ada sabon nauyi shi ne rigimar haƙƙin gyara. Manyan taraktocin yau cike suke da kwamfuta, kuma manoma sun daɗe suna kukan cewa wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai da manhajar dillali. A watan Janairun 2023 John Deere ya sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyar American Farm Bureau Federation kan bai wa manoma damar gyara, a wannan shekarar jihar Kolorado ta yi doka a kan batun, a Janairun 2025 kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta maka kamfanin a kotu. Matashin da ya kwance injin 110 na 1963 da akwatin sifana ɗaya da littafin gyara ɗaya yana ganin da hannunsa abin da ake jayayya a kai.

Taraktar lambu ce kuwa ƙofar da ta fi sauƙi ga irin wannan matashi. Injin tururi sai mai babbar mota da lasisi, babbar taraktar gona sai mai sito, amma wannan tana shiga kusurwar gareji. Tarukan na bukatar waɗannan sababbin hannaye, domin furfura ta yi yawa a filayen, kuɗin shiryawa kuma na ta hawa. A Ingila, baje kolin Great Dorset Steam Fair da aka fara a 1969, wanda a lokacinsa yake cikin mafi girma a duniya, an soke na 2023 saboda tsadar gudanarwa. Su kansu sunayen kamfanonin sun sauya hannu: International Harvester ya sayar da Cub Cadet ga kamfanin MTD a 1981, kamfanin Toro ya saye Wheel Horse a 1986, daga baya ya daina amfani da sunan. Wanda ke neman ɓangaren giyar Wheel Horse yanzu, sau da yawa sai dai ya jira watan Yuni ya tafi taron masu tara ta a Arendtsville ta Pensilbaniya, ya bi tebur tebur, ya sami wani dattijo da ya san wace shekara ce haƙoran giyar suka dace da wace, ya tsaya ya saurare shi har ya gama bayani kafin a yi ciniki.