Lasisin Aski da Kitso: Wa Dokar Take Karewa?

Kwanakin nan maganar lasisi ta dawo bakin mutane, musamman masu shagon aski da matanmu masu kitso da lalle da gyaran amare. Wasu na cewa gara majalisar dokokin jiha ta yi doka, kowa ya je makaranta ya karɓo takarda kafin ya taɓa kan mutum, kamar yadda ake yi a Amurka. Masu faɗin haka ba mugunta suke nufi ba, ɓarna suka gani. To amma tunda da Amurka aka kafa hujja, bari mu duba abin da irin wannan doka ta yi a can tukuna.

A Amurka kowace jiha da tata dokar kan sana'ar gyaran gashi da fata, kowace kuma da hukumar da ke ba da lasisi. Akwai wata mata, Jestina Clayton, 'yar asalin Saliyo, wadda ta iya kitso tun tana yarinya. Da ta zauna a jihar Utah tana kitso don taimakon gidanta, sai hukuma ta ce ba ta da izini sai ta yi awa 2,000 a makarantar kwalliya. Ku lissafa da kanku: awa 8 a rana, kwana 250 ke nan, ga kuɗin makaranta, ga ba ta samun ko sisi. Me za a koya mata? Rina gashi, da sinadarin miƙar da gashi, da gyaran farce. Kitson da za ta yi kuwa, ita ce ma za ta koya wa malaman. Sai a 2012 alƙalin kotun tarayya ya ce wannan sharaɗi bai da alaƙa da sana'arta, ya cire mata shi.

Ta jihar Texas ta fi ban haushi. A 1997 'yan sanda suka kama Isis Brantley a birnin Dallas, laifinta kitso ba lasisi. A 2007 aka sassauta, aka ce awa 35 ta isa mai kitso. Da ta ce za ta koyar da wasu, sai aka ce sai ta mai da wurinta cikakkiyar makarantar aski, da kujerun aski da wuraren wankin kai, alhali ita ba aski take ba. Ta kai ƙara ta yi nasara a 2015, a shekarar kuma jihar ta soke lasisin kitso gaba ɗaya. Shekara 18 ana jan mace a kan tsefe da tsinke! Su wa ke zama a irin hukumomin nan? Galibi 'yan sana'ar ne masu lasisi, wani lokaci har da masu makarantun. An ba kura ajiyar nama. Wanda ya riga ya shiga ba ya son ƙofa ta zauna a buɗe.

Yanzu mu dawo gida. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna da rumfuna, shi ya sa kowace shekara ake zuwa karɓar kuɗin izinin shago. Mu 'yan kasuwa ba ma ƙin biya in akwai rasit na gaskiya. Abin da muke suka shi ne, mai karɓa yana duba takardar da ke bango, ba ya duba askar da ke hannu. Ba za ka ji an tambayi mai shago da me yake wanke kilifarsa ba. A da duba-gari, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira wole-wole, har randa yake leƙawa. Yau randa ta huta, aljihu ake leƙawa. Wannan ba lasisi ba ne, haraji ne aka sa wa sabon suna.

Kada wani ya ce muna kare wanzamai ne ko ta halin ƙaƙa. A'a. Wanzanci sana'a ce mai daraja, Manzon Allah (SAW) an yi masa ƙaho kuma ya biya wanda ya yi masa. Amma malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya shiga aikin magani bai san shi ba, ya jawo ɓarna, to lamuni na wuyansa. Aska ɗaya a kan mutum goma, a goge ta a tafin hannu a wuce na gaba, wannan hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai mako guda da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, ido kuwa ba ya ganinta. Ƙahon da aka yi wa wani aka ɗauraye da ruwa kawai, haka. Cire belun jariri kwana bakwai da haihuwa, likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Kaciyar mata kuwa dokar tarayya ta 2015 ta hana ta. Nan ne doka take da aiki, nan ne kuma ba ma ganinta.

Haka ɓangaren mata. Kitso da jan lalle na gargajiya ba su ne babbar damuwa ba. Matsalar tana cikin dayis ɗin nan baƙi da ake zana wa amare, wanda ake haɗawa da sinadarin rina gashi, wata fatarta ta tashi ta yi ruwa ana gobe ɗaurin aure. Ta fi yawa kuma a man bilicin da ake haɗawa a ɗaki a zuba a roba ba suna ba lamba, a ce wai "haɗi na musamman". Hukumar NAFDAC, da aka kafa tun 1993, ta hana sa sinadarin makuri da irin magungunan da likita kaɗai ke rubutawa a cikin man shafawa, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar al'umma. Makuri yana lalata ƙoda. Dokar tana nan a rubuce, robobin kuma suna nan a kan tebur. Mu da ke sayar da kaya mun san ta inda suke shigowa, kuma wallahi wasu daga cikinmu ke sarinsu. Wannan ma sai mun faɗa wa kanmu.

To in an kawo dokar takardar makaranta, wa za ta kama? Mai haɗa bilicin tana da kuɗin sayen kowace irin takarda. Wadda za ta kama ita ce bazawarar da ke kitso a tsakar gida tana ciyar da marayu, da dattijon da ya gaji zabira daga kakansa, ya yi karatun allo bai yi boko ba. Jarrabawa da Turanci, fom a intanet, hoto, kuɗin rajista, kuɗin sabuntawa. Wanda ya kasa sai ya koma aiki a ɓoye, abin da aka yi a ɓoye kuwa babu mai duba tsaftarsa. Mu baƙi ne a idon wasu ko da a nan aka yanke mana cibi, kuma mun san yadda takarda kan zama sandar dukan baƙo. Yaron da ke son takarda don buɗe babban shago ko fita waje, ga jarrabawar sana'a ta NABTEB nan, ya je ya yi, Allah ya taimaka. Amma kada a mai da ita ƙofa ɗaya tilo.

Abin da za mu goyi baya shi ne doka mai raba sana'o'in gida biyu. Duk abin da ke fitar da jini ko ya shafi sinadari, wato aski da ƙaho da kaciya da rini da haɗin mai, a wajabta masa horon tsafta na 'yan kwanaki a asibitin gwamnati, da Hausa da Yarbanci, a gwada mutum da hannu ba da biro ba: sabuwar reza ga kowane kai, dafa ƙarfe, safar hannu, sanin lokacin da za a ce wa mutum tafi asibiti. Kitso da jan lalle kuwa a bar su, sai dai rajistar suna kyauta. A sa Sarkin Aska da shugabannin mata cikin masu shaidar wa mutum, amma kada a ba su ikon hana sabon shiga, don kada mu maimaita abin Utah a Sabo.

Muna roƙon mai girma Sarkin Hausawa ya kira wanzamai da masu shagon aski da wakilan mata zama ɗaya, a gayyaci jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da kansilanmu. Kowa ya zo da rasit ɗin da aka ba shi bana, a jera su a tabarma, a ga nawa aka karɓa a hannun kowa da kuma sunan da aka rubuta a kai.