Kafin a ce "sai an yi fomatin"

Akwai wata ɗabi'a da ta kama masu gyaran kwamfuta a Zariya, tun daga Ƙofar Doka har PZ da Samaru, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibi ya rage girman fatishan don ya ɗora Ubuntu kusa da Windows, ko a ɗauke wuta yana tsakar aikin. Ya kunna laftof, sai baƙin allo da ɗan rubutu a sama. Ya garzaya shago, bai gama bayani ba an yanke hukunci: "Sai an yi fomatin."

Alhali sau da yawa fayilolinsa suna nan daram. Abin da ya lalace ɗan mitsitsi ne. A tsohon tsarin MBR, baiti 512 na farkon faifai ne ke nuna wa na'ura inda za ta tashi. A masu UEFI kuwa wani ƙaramin fatishan ne, EFI, da bai cika wuce megabait 100 zuwa 300 ba, wanda wasu ke gogewa don sun ɗauka tarkace ne. Makullin zaure ne ya ɓace, sai a rushe gida?

Aikin ma ba wuya. A tayar da na'urar da filashi, a fara kwashe kayan mutum. A leƙa BIOS, wataƙila an juya ta ne daga UEFI zuwa Legacy. Umarnin bcdboot yana sake gina abin tashin Windows, TestDisk kuma, wadda kyauta ce, tana lalubo fatishan ɗin da aka goge muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Matsalar ƙaruwa za ta yi. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10, Windows 11 kuma UEFI take buƙata, ga shi yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, kowa na mayar da faifansa daga MBR zuwa GPT, tsarin da ke tafiya da UEFI.

Na san fomatin ya fi sauri, kuma shi aka fara koya wa yaran shago. Amma a cikin faifan nan akwai furojet ɗin wata ɗalibar harabar jami'a ta Kongo, akwai karatun da wani almajiri ya shekara yana naɗa a zauren malaminsa a cikin birni, malamin ma ƙila ya rasu. Ni dai na yarda a ninka mini kuɗin gyara, in dai maigidan shago zai zauna ya gwada TestDisk tukuna.