Wankin da ke haifar da guba

A Amurka, masu bindigar .22 suna yaɗa wata dabarar wanke na'urar rage ƙarar harbi: wai a jiƙa faya-fayen cikinta a haɗin ruwan khal da haidirojin ferokzayid. Kar ƙyallin ya ruɗe ka. Harsashin .22 yawanci dalma ce, ita ke daskarewa a faya-fayen. Haɗin nan narkar da ita yake yi, ta koma gishirin dalma mai bin ruwa, wanda ke saurin shiga jiki. Ga shi yana cin alminiyam, ya bar masa ramuka. To ina ribar? Kuma ruwan gubar, ina za ka zubar? Buroshin roba, safar hannu da haƙuri sun fi.