Titin Tanut: Na Wane Ne?

Hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas, ta ratsa Tanut. Ga direban babbar mota, garin zango ne kawai. Ga mutumin Damargu kuwa, nan ne mai amalanken jaki da ɗan kabu-kabu da ɗan makaranta bisa keke suke gogayya da motocin kaya a kan kwalta guda. To, wa ke da ta cewa a rabon wannan hanya?

Da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, an sa ran magajin gari, wanda ya san inda kasuwa ke cika, zai sami bakin magana. Amma hanyar ƙasa a hannun Yamai take, kuma a Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa wakilanta.

Kano ta ishe mu darasi kan hukuncin da ke saukowa daga sama. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana haya da babur. Hujjar tsaro tana da ƙarfi, ba musu. Sai dai gadar sama da ta gina a Ƙofar Nasarawa mai mota ta yi wa tanadi, ba mai keke ba.

Tanut ba ta bukatar gada. Bukatarta gefen titi da aka keɓe wa keke da amalanke, da hukumar da talaka zai iya tuhuma idan an kaɗe ɗansa.